Me Afrah Ta Manta?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu karatu. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa yanga ce take damuna, tunda ga saurayi kamar Zubair ina ta ja masa rai. Ban ji haushi ba. A unguwarmu Sabon Layi ma abin da ake faɗa ke nan, har na ji ana kirana Afrah mai korar maza. Mutum uku suka nemi aurena kafin shi, kowanne sai magana ta kusa kaiwa ga manya in tsiro da wani abu in watsa ta. Yau zan gaya muku dalili. Har ranar Juma'ar da ta wuce, ban taɓa gaya wa kowa ba.

A ƙuryar ɗakin mahaifiyata, wadda muke kira Ammi, tsakanin gado da kabad ɗin da take jera kwalaben humra, akwai wata tsohuwar kwamfuta irin ta kan tebur, mai baƙin akwati da allo. Ta yayana ce, Laminu. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba mu san ko yana raye ko ya mutu ba.

Duk ɗan garinmu Mubi ya san Larabar nan ta 2014 da 'yan bindiga suka shigo gari. Mu uku muka fita, ni da Ammi da Yaya Laminu, don mahaifinmu ya riga ya rasu. Da ƙafa muka bi ayari hanyar Maiha. Ammi ba ta ɗauki komai ba sai ɗan gwangwanin da take ajiye ɗan kunnen zinaren da ta gada wajen uwarta. Da muka yi nisa muka zauna a gindin wata tsamiya, sai ta dafa ƙullin zaninta ta ce mu kwantar da hankali, ko ina muka faɗa ɗan kunnen nan zai riƙe mu.

Babu komai a cikin gwangwanin. Ni na ɗauke ɗan kunnen kwana biyu kafin nan, don in sa in ɗauki hoto da ƙawata Sumayyat, na ɓoye shi a jakar Islamiyyata da niyyar mayarwa. Shekarata goma sha uku. Na ja Yaya Laminu gefe na raɗa masa, ina riƙe da gefen rigarsa ina cewa Ammi za ta kashe ni. Ya dube ni, ya dubi hanyar da muka baro. Sai ya je ya ce wa Ammi zai koma ya ɗauko takardunsa na makaranta, ya kuma ɓoye kwamfutarsa, kafin la'asar zai cim mana. Ammi ta roƙe shi har da kuka, bai tsaya ba. Ban ce ya koma ba, Allah ne shaidata. Amma ban ce kar ya koma ba.

Da Ammi ta buɗe gwangwanin bayan kwana uku ta ga wayam, ta ɗauka a hanya ya faɗi, ta yi ta zagin kanta. Ina zaune kusa da ita ban buɗe baki ba.

Bayan gari ya lafa mun dawo, muka tarar an kwashe mana kusan komai, har hotuna. Kwamfutar da kayan haɗinta kawai suka tsira, an tura su ƙarƙashin buhunan itacen turare a sito. Baba Mahamat, ƙanin mahaifinmu, ya sa aka haɗa ta. Ta kama, ga ɗan ƙaramin hoton Yaya Laminu a tsakiyar allo, yana murmushin nan nasa na gefen baki, a ƙasa kuma tana neman kalmar sirri. Aka sa wadda kowa ya sani a gidan, ta ƙi. Sai wani ɗan rubutu ya fito a ƙasa, irin wanda mutum yake sa wa kansa don tuni: Me Afrah ta manta?

Kowa ya juyo ya dube ni. Na ce ban sani ba.

Tun daga ranar nake rayuwa da tambayar nan. Ammi ta hana a kai kwamfutar wajen masu gyara, don ta ji an taɓa goge wa wata maƙwabciyarmu komai da sunan gyara. Ta lulluɓe ta da lafayarta mai ruwan zuma, wadda ta fi so. Duk Juma'a sai ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wutar da take haɗawa da hannunta, wanda amare ke yi wa layi, ta tura shi ƙarƙashin tebur hayaƙi ya ratsa lafayar. Sannan ta sa ni in kunna mata. Ta zauna a bakin gado ta kalli ɗan hoton nan da bai fi girman kwalin ashana ba, ta yi masa addu'a, wani lokaci ta yi masa faɗa. Tana cewa saboda wannan akwatin ya bar uwarsa. Ni kuwa ina tsaye bayanta, ina jin kamar idon nasa ni yake kallo ta saman kafaɗarta. Ku gaya mini, mace mai wannan abu a ciki, da wace fuska za ta zauna a yi mata lalle?

To sai ga Zubair. Bafulatani ne ɗan unguwar Nassarawo, gyaran kwamfuta ne aikinsa, kuma mutum ne marar gaggawa har ya kan ba ni haushi. Na yi masa duk abin da na yi wa na baya. Na ƙi ɗaga waya, na fito zance da fuska a murtuke, har na taɓa ce masa hularsa ba ta dace da kansa ba. Sai ya cire ta ya duba, ya ce shi ma ya daɗe yana zarginta. Ammi ta kamu da sonsa tun ranar da ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Baba Mahamat kuma ya aiko cewa wannan karon ba zai ji wani uzuri ba, shekarata ashirin da huɗu, kuma iyayen yaron sun nemi a ba su rana.

Larabar makon jiya Zubair ya zo da yamma, Ammi ta sa na shigo da shi har falo. Tana sanye da lafaya baƙa, tana jan carbi. Ta ce masa ta yarda da amanarsa, kuma kafin a ɗaura auren ƙanwar Laminu tana so ta ga sauran hotunan ɗanta, ko zai iya buɗe kwamfutar ba tare da ya goge komai ba. Ya ce aikin minti goma ne, ranar Asabar zai zo da kayan aiki. Ina tsiyaya masa shayi, sai da ya ce mini kofin ya cika.

Ban san me ke cikinta ba. Abin da na sani, wanda ya rubuta tambayar nan ya rubuta ta ne bayan ya koma, don kafin ranar ban manta komai ba. A raina na riga na yanke cewa ya bar wa Ammi bayanin abin da na yi. Na ce in ma haka ne, gara in riga kowa gani.

Ranar Juma'a da misalin ƙarfe tara Ammi ta ɗauki kayanta ta tafi Nassarawo gyaran wata amarya, ta ce sai bayan an sauko masallaci. Aka yi sa'a akwai wuta. Na kulle ƙofar gida, na shiga ɗakinta daga ni sai doguwar rigar atamfa da ɗankwali, na yaye lafayar. Ƙamshin turaren shekaru ya bugi hancina. Na danna. Ta yi ƙugin da ta saba, ta nemi a danna F1 kamar kullum, ga hoton ya fito. Na rubuta harafi takwas ɗin da na daɗe da sani: dankunne.

Ta karɓa.

Allon ya yi shuɗi, ɗan zoben nan ya juya, sai ga hoton mu uku ranar wata sallah ya cika fuskar. Ban gama ganinsa ba na ji an yi gyaran murya a cikin 'yan sifikun da ke gefe.

“Afrah, ki ce wa Ammi...”

Nan ta tsaya. Ba shiru ta yi ba, da ta yi shiru da sauƙi. Ƙarshen kalmar ta kama tana nanatawa, mi-mi-mi-mi, da muryar yayana. Na ja linzamin kwamfutar, kibiyar da ke kan allo ba ta motsa ba. Na daddanna duk abin da hannuna ya kai, babu abin da ya amsa. Tsigar jikina ta tashi, na ji kamar akwai mutum tsaye a bakin ƙofa, na kasa waiwayawa. Daga ƙarshe na fizge waya daga bango. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, sannan na sake kunnawa. Sau uku ina yi, sau uku tana daskarewa a wuri ɗaya, a kan sunan uwarmu.

Na ɗauki wayata na rubuta wa Zubair: “Kana shago?”

“Ina nan. Yau kuma wace hular ce ta yi laifi?”

“Na buɗe kwamfutar Yaya Laminu. Tana shiga sai ta daskare. Ka zo yanzu, Ammi ba ta nan.”

Na ga alamar yana rubutu, ya goge, ya sake. Abin da ya iso shi ne: “Kar ki sake kunnawa. Ga ni nan.”

Ya zo da farar shadda ta Juma'a da jakar goyo a kafaɗa. Ya ƙi shiga ɗakin Ammi, ya ce bai dace ba, sai ni na kinkimo kayan ɗaya bayan ɗaya na fito da su baranda, ya bar ƙofar gida a buɗe. Bai tambaye ni inda na samo kalmar sirrin ba. Tambayoyinsa duk na aiki ne: kafin hoton bango ya fito take tsayawa ko bayan ya fito, kibiya tana motsi ko ba ta yi, sau nawa na kashe ta ta ƙarfi. Da na ce uku ya runtse ido kamar na taka masa ƙafa.

Ya ce in kwamfuta tana kaiwa har wajen kalmar sirri lafiya, sai an shiga take tsayawa, to yawanci ɗayan biyu ne: ko zafi ne yake kama ta in aiki ya yi mata yawa, ko kuwa akwai wani abu da aka sa ya riƙa tashi da kansa in an shiga, shi yake shaƙe ta. Zai fara da zafi, don shi ne ba ya buƙatar a kunna. Ya shafa bayan akwatin, ya duba yatsansa, ya sunsuna.

“Wannan ba ƙura ba ne. Me ake yi mata?”

Na ce turare, duk Juma'a. Ya ciro sukudireba ya kwance ƙusoshi biyu, ya zare murfin gefe. Cikin ya yi baƙi ƙirin da danƙon hayaƙi, kamar gindin tukunyar da ta shekara a murhu. Ya haska da fitilar waya, ya sa yatsa zai juya fankar da ke sanyaya ta, ta ƙi juyawa. Ya leƙa sosai, ya ce akwai abin da ya faɗo ya tokare ta.

Da ɗan hantsaki ya jawo shi. Ƙullin hankici ne, da ragowar salatif da ya bushe a jikinsa, alamar a sama aka manna shi, shekaru suka sake shi. Hankicin ya koma ruwan ƙasa, amma na gane shuɗin zaren bakinsa, don ni na yi masa shi a ajin ɗinki. Zubair ya miƙo mini. Na kasa karɓa, sai shi ya kwance a kan farantin shayi. Ga su nan wari biyu, da jan dutsensu, ko dusashewa ba su yi ba.

A nan na gaya masa komai, tun daga hoton da na ɗauka da Sumayyat har gindin tsamiya. Ban yi kuka ba, muryata ma kamar ta wata. Na ce masa yanzu ya san wadda yake nema, in ya ga ya fasa ba zan ga laifinsa ba, ni ma da ni ce shi da na fasa.

“Shekararki nawa lokacin?”

“Sha uku.”

“Shi fa?”

“Ashirin da biyu.”

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki buroshi ya shiga goge fanka a hankali, fiffike bayan fiffike, baƙin yana zuba a kan farar shaddarsa. Na so ya zage ni ko ya rarrashe ni, ko wanne ne da na san inda na tsaya. Shi kuwa sai da fankar ta juya da hurin baki ya ɗago, ya ce in zo in sa kalmar, zai juya baya.

Muka kunna. Fanka ta ɗauka, iska tana fita. Na sa kalmar, hoton sallah ya fito.

“Afrah, ki ce wa Ammi...”

Mi-mi-mi-mi. Na ga gashin hannun Zubair ya miƙe. Bai taɓa jin muryar ba, amma sai da ya ce innalillahi a hankali. Ya kara kunnensa a jikin akwatin, ya yafito ni in saurara. Can ciki akwai wani ɗan sauti, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Ya danne maɓallin har ta mutu.

Ya ce ashe ba zafin ba ne kaɗai. Wannan ƙarar daga faifan ciki take, inda komai yake ajiye, kuma ba alamar alheri ba ce. Ya kira maigidansa da ya koya masa aiki, Oga Nehemiah, ya sa a sifika ya bayyana masa. Dattijon ya ce, da irin Hausarsa: “Faifan nan yana mutuwa, Zubairu. Wurin da magana ɗin yake ya lalace, shi ya sa in ya kai wurin yana tsaya. Ka shiga ta safe mode sau ɗaya, ka ga ina abin yake, ka kashe. Kar ka yi wasa da shi. Kowane kunnawa yana cin shi.”

Kowane kunnawa. Na tuna Juma'o'in shekara goma sha ɗaya, na tuna ukun da na yi da safen nan ina fizge waya.

Zubair ya bayyana mini cewa hanyar da Oga ya faɗa tana tayar da kwamfuta ne tsirara, ba tare da abubuwan da ke tashi da kansu ba. Ya kunna yana ta danna F8, wani baƙin allo ya fito, ya zaɓa. Na sa kalmar karo na biyar. Wannan karon babu hoto, babu murya, sai baƙin bango da manyan haruffa, kuma kibiya tana yawo lafiya. Ya ce to an kama mai laifi. Ya shiga inda ake ajiye abubuwan da ke tashi in an shiga, abu ɗaya ne tak a ciki: sautin da aka ɗauka, an sa masa suna afrah. A gefensa ga kwanan wata, 29 ga Oktoba 2014, ƙarfe biyu da minti goma sha bakwai na rana. Tsawonsa daƙiƙa arba'in da ɗaya.

Na tambaye shi da wace wuta ya yi wannan a ranar da gari yake a watse. Ya nuna mini wani akwatin batir da muke amfani da shi a matsayin abin ɗora ƙafa, ya ce wannan yana riƙe wuta kamar minti goma. Wato minti goma yayana yake da su, a cikinsu ya canza kalmar sirri, ya rubuta tambaya, ya ɗauki murya.

Zubair ya kashe ta, ya kwance faifan gaba ɗaya, ya ɗora shi a kan lafayar Ammi kamar ƙwai. Ya haɗa shi da laftof ɗinsa da wata igiya, ya ce akwai manhajar da take kwafe abin da ya karantu, ta tsallake inda ya lalace maimakon ta tsaya tana dukan wuri ɗaya. Ba zai yi mini alkawari ba, wataƙila a samu rabi, wataƙila ba a samu komai ba. Muka zauna muna kallon wani koren layi yana rarrafe. Ya kai wani wuri ya tsaya, faifan yana ƙas, ƙas. Ina jin ana ta wucewa masallaci a waje, ga ƙamshin turare da ƙarar takalma. Na ce ya tafi kar ya rasa salla, ya ce akwai sauran lokaci. Sai layin ya yi tsalle ya ci gaba.

Da ya gama ya turo laftof ɗin gabana, ya miƙe zai ba ni wuri. Na ce ya zauna. Na gaji da jin abubuwa ni kaɗai. Na danna.

“Afrah, ki ce wa Ammi...” Sai wani ƙarar shhh na ɗan lokaci, inda ya lalace. Sannan muryar ta dawo, ƙasa-ƙasa, yana haki. “...ni na ɗauki ɗan kunnenta. Ki ce ni ne, ban gaya mata ba. Na same shi, yana cikin akwatin nan na manna a sama. Ba zan fita da shi ba, ana tare mutane a hanya. Na sa kalmar da ke kaɗai kika sani don ke ki fara ji. Kar ki ce komai, kin ji ko? Ni ba za ta yi fushi da ni da yawa ba. Kuma ki daina kukan nan, hancinki ƙara girma yake yi.” Ya yi 'yar dariya. A bayansa batir ya fara ƙara, tit, tit. “Wuta za ta ƙare. Zan bi ta mayo, ta bakin rafi, in same ku.”

Shi ke nan.

Jama'a, shekara goma sha ɗaya ina karanta tambayar nan a matsayin tuhuma. Ashe mabuɗi ya bar mini, ya kulle kowa a waje don ya rufa mini asiri. Ashe da na faɗi kalma ɗaya tun ranar da aka haɗa ta, da Ammi ta ji muryar ɗanta tun faifan yana da lafiya, da ba ta shekara goma sha ɗaya tana cewa ya zaɓi akwati a kanta ba. Baƙin cikin da na ji a lokacin ya fi na ranar da ya tafi.

Ban ji shigowarta ba. Zubair ne na ga ya zame daga kujera ya durƙusa. Na waiwaya, ga Ammi tsaye a bakin baranda da jakarta a hannu. Daga baya na ji cewa kwalbar humrar amarya ta manta, ta dawo ɗauka. Ban san tun yaushe take tsaye ba, amma fuskarta ta nuna ta ji abin da ya isa. Idonta ya sauka kan akwatin da aka buɗe, ya koma kan lafayarta, ya tsaya a kan farantin shayi.

Ta tako a hankali ta ɗauki ɗan kunnen, ta juya shi a tafin hannunta.

“Laminu,” ta ce, “don wannan? Da ka tambaye ni ai da na ba ka.”

Ta yarda. Ƙaryar da ya ɗinka mini ta zauna daidai, ko gyara ba ta buƙata. Zubair yana durƙushe, kansa a ƙasa, na san har abada ba zai buɗe baki ba. Abin da ya rage kawai in yi shiru, kamar yadda yayana ya ce, kamar yadda na saba. In yi shiru a sa rana, a yi mini lalle, Ammi ta ci gaba da yi wa ɗanta faɗa duk Juma'a a kan laifin da bai yi ba.

“Ammi, ba shi ba ne,” na ce. “Ni na ɗauka. Ni na gaya masa a gindin tsamiya. Kuma na san kalmar tun ranar da kuka tambaye ni.”

Ba ta dube ni ba. Na jira mari, na jira tsinuwa, na ma shirya musu. Sai ta gyara lafayarta ta zauna a kan tabarma, ta ce da Zubair, “Ɗana, sake sa mini shi.” Ya sa. Ta ce ya sake. Sau bakwai tana ji, har aka tayar da salla a masallacin unguwa, kuma duk inda ya kai wajen hancina sai ta rufe ido. Da ta gama ta dunƙule ɗan kunnen a hannunta ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ranar ba a yi turare ba.

Yau kwana huɗu. Tana amsa gaisuwata da kai, tana zuba mini abinci ta rufe, amma kalma ɗaya ba ta haɗa mu ba. Zubair ya kwafe hotuna ɗari biyu da wani abu kafin faifan ya mutu gaba ɗaya ranar Asabar, ya sa mata muryar a wayarta. Ina jinta ta bango, da hantsi, da la'asar, yayana yana ta cewa ki ce ni ne. Baba Mahamat ya aiko a kan maganar rana, ta ce a dakata. Jiya Zubair ya rubuto mini: “Ban fasa ba. Ko shekara nawa ne.” Na karanta ya fi sau ashirin, ban iya ba shi amsa ba.

Ɗazu da safe na fito daga wanka na shiga ɗakina, sai na ji ƙamshin turarenta, alhali ba ta shiga ɗakin nan tun Juma'a. A kan matashina ga hankicin nan mai shuɗin baki, an wanke shi an goge, an ninke gida huɗu. Na buɗe.

Wari ɗaya ne a ciki. Ɗayan yana kunnenta, na gani da ta wuce kicin. Ban sani ba ko rabona ta ba ni, ko kuwa so take in riƙa gani ina tunawa. Ga shi nan a hannuna ina rubuta muku wannan, kuma ina jin motsinta a bakin ƙofata, ta tsaya ba ta shigo ba.